Tiren yashi: Jinyar wanda firgici ya ɗaure wa baki

 

A shekarun da na yi ina aiki a kantin magani, babu abin da ake tambayata a ɓoye kamar maganin barci. Mutum zai jira sai layi ya ragu, ya matso kusa, ya rage murya, sannan ya ambaci sunan ƙwayar da yake so. Da yawa daga cikinsu ba 'yan shaye-shaye ba ne kamar yadda ake zato. Magidanta ne da iyaye mata masu mutunci, waɗanda wani abu ya same su, suka rasa wanda za su gaya wa. Labarin ɗaya daga cikinsu zan ba ku yau. Da izininta nake rubutawa, kuma na sauya wasu abubuwa don kada a gane ta.

Wata Hajiya ce 'yar kasuwa, za ta kai shekara arba'in da biyar. Ta zo wata rana da yamma, ta ajiye mini tsohon kwalin Lexotan a kan kanta, ta ce, "Likita, irin wannan za ki ba ni." Na tambaye ta takardar likita, ta ce babu. Na ce, "Hajiya, tun yaushe kike sha?" Ta ce wata takwas. Da rabin ƙwaya ta fara, a wani kemis na unguwarsu, yanzu sai ta sha biyu, duk da haka ƙarfe biyun dare idonta biyu. Na ce mene ne ya faru wata takwas da suka wuce? Ta yi shiru ta sunkuyar da kai. 'Yarta da ta rako ta ce ta ba ni amsa: 'yan bindiga sun tare motarsu da daddare a hanyar dawowa daga sarin kaya. Hajiya ta tsira, ta kwana a daji. Ƙaninta da suke zaune tare a motar bai dawo ba. Tun daga ranar ba ta ƙara ambatar sunansa ba, ba ta ƙara taka tashar mota ba, kuma in taya ta fashe a titi sai a gan ta a ƙasa tana rawar jiki.

Ban sayar mata da maganin ba, amma ban ce ta daina a ranar ba, don wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya in ya tsaya farat ɗaya yana iya yin jijjiga. Na rubuta mata takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti. Ta karɓa ba da son ranta ba, ta ce, "Ni fa ba mahaukaciya ba ce." Na ce, "Na sani Hajiya. Ciwo ne, kuma yana da magani."

Wane irin ciwo ne wannan?

Likitoci suna kiransa PTSD, wato ciwon da ke biyo bayan mummunan firgici. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya za su gamu da wani abin tashin hankali a rayuwarsu, amma kaɗan ne daga cikinsu, kashi 5.6 cikin 100, ciwon ke kamawa. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin makonni, musamman in suna da 'yan uwa masu tsaya musu. Mata sun fi maza kamuwa da shi. A wuraren da ake rikici kuwa, alƙaluman da hukumar ta fitar a 2019 sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa fargaba da wannan ciwo na firgici.

A ƙasarmu ba sai an yi dogon lissafi ba. Akwai tare hanya da garkuwa da mutane, akwai rikicin unguwanni, gobarar kasuwa, haɗarin mota, ambaliya irin wadda ta afka wa Maiduguri a watan Satumbar 2024. Akwai kuma waɗanda ba a bugawa a jarida: haihuwar da aka sha da kyar, duka a gidan aure, fyaɗen da aka rufe don gudun abin kunya.

Alamomin ciwon a bayyane suke ga wanda ya lura. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko a farke, kamar yanzu yake faruwa. Yana gudun wurin da abin ya auku, da mutanen da ke tuna masa, da maganar baki ɗaya. Kullum a razane yake, ƙaramin motsi ya firgita shi, ga saurin fushi, ga rashin barci. Wani yana ɗora wa kansa laifi. In waɗannan suka wuce wata guda suna hana mutum aikinsa ko zaman gidansa, lokacin ganin likita ya yi.

Me ya sa bakin ke mutuwa?

Mu Hausawa muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da kunya da rufin asiri, kuma duk kyawawan ɗabi'u ne. Sai dai mu ne kuma muka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ga mai wannan ciwo, shirun ba na kunya kaɗai ba ne, akwai abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. A 1996 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 8 masu ciwon a daidai lokacin da ake karanta musu labarin abin da ya same su. Suka ga sassan da ke kula da tsoro sun tashi tsaye, shi kuwa sashen da ke taimakawa wajen haɗa magana aikinsa ya ragu. Binciken ƙarami ne, amma ya yi daidai da abin da masu jinya suka daɗe suna gani: mutum yana tuna wari, yana tuna ƙara, yana tuna launin rigar da aka sa, amma in aka ce ya bayar da labari daga farko zuwa ƙarshe sai harshe ya ƙi.

Haka ta faru da Hajiya. Likita ya tsara mata yadda za ta rage Lexotan sannu a hankali, ya ɗora ta a kan wani magani, ya kuma tura ta wajen wata masaniyar halayyar ɗan'adam. Zama uku suka yi, in an zo kan daren nan sai ta ce, "Ba komai, Allah Ya riga Ya ƙaddara." A zama na huɗu ne matar ta jawo wani tire cike da yashi ta ajiye a gabanta.

Daga ina tiren ya samo asali?

Wata likitar yara ce a Landan, Margaret Lowenfeld, ta fara wannan hanya. Ta yi aikin agaji a ƙasar Polan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ta ga yaran da yaƙi ya tarwatsa rayuwarsu. Ta buɗe asibitinta na yara a 1928, a 1929 kuma ta ajiye tire na yashi da ruwa da ƙananan kayan wasa a ɗakin da take ganinsu. Yaran da kansu suka riƙa kiran abin da suke ginawa "duniya", sunan ya bi hanyar har yau. A 1956 wata mata 'yar Suwizalan, Dora Kalff, ta je Landan ta yi karatu a wajenta, ta koma gida ta haɗa abin da ta koya da koyarwar masanin nan Carl Jung. Kalff ta yi aiki da yara da manya, kuma a 1985 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu bin tsarinta.

Tiren da suka saba amfani da shi tsawonsa kusan santimita 72 ne, faɗinsa 57, zurfinsa 7, daidai yadda ido zai ga komai ba sai an juya kai ba. Ana shafa wa cikinsa shuɗin fenti, ta yadda in ka ture yashin sai ka ga kamar ruwa, ka sami kogi ko tafki. A gefe akwai kanta cike da ƙananan abubuwa: gidaje, motoci, bishiyoyi, dabbobi, gada, shinge, duwatsu, 'yan tsana. Ana ce wa mutum ya ɗauki abin da ya ga dama ya gina abin da ya zo masa. Mai jinyar tana zaune a gefe, tana lura da abin da aka ɗauka, da inda aka ajiye, da abin da aka binne. Masu bin tsarin Kalff ba sa gaggawar fassara komai. Wasu kuma sukan ba da ɗan umarni, kamar "gina mini gidanku kafin abin ya faru", sannan a tattauna a kan abin da aka gina. Zama guda yakan ɗauki kusan awa ɗaya, a ƙarshe a ɗauki hoton tiren a ajiye don a riƙa ganin yadda yake sauyawa.

Hikimar abin ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Dattijo in zai kwatanta maka iyakar gona, tsugunawa yake ya zana a ƙasa. Dukanmu mun yi tuwon ƙasa muna yara, mun gina ɗaki a kan ƙafarmu da jiƙaƙƙen yashi. Hannu yana iya nuna abin da baki ya kasa. Kuma abin da aka ajiye a tire yana da iyaka ta ko'ina, ƙarami ne, yana waje ba a cikin ƙirji ba. Mutum zai iya kallonsa, ya matsar da shi, ya rufe shi, ya tsaya in ya gaji. A ranar firgicin ba shi da ikon komai, a nan kuwa shi ke da iko.

Wannan ba bugun ƙasa ba ne

Na san abin da ya zo zuciyar wasunku da jin an ce yashi a tire, don shi ne ya zo wa Hajiya. Ta ce ta ja da baya ta ce, "Malama, ni ba na zuwa wajen masu duba." Tambaya ce mai kyau kuma ta cancanci amsa. Mai bugun ƙasa shi ke zana ƙasar, ya ce zai gaya maka gaibu. A nan mai jinya ba ta taɓa yashin, ba ta da'awar sanin abin da ke ɓoye, ba ta faɗin abin da zai faru gobe. Kai ne ke gini, kai ne kuma ke faɗin ma'anar abin da ka gina. Matsayinsa ɗaya da takarda da biro a hannun wanda aka ce ya zana taswirar unguwarsu. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da 'yan tsana masu siffar mutum ko dabba ba, yana iya faɗa tun farko, a yi aiki da tsakuwa, kara, ganye, murfin kwalba ko ƙwallon dabino.

Ga yadda ta kasance da Hajiya, kamar yadda ta ba ni labari daga baya. Ranar farko ba ta gina komai ba, yashin kawai ta riƙa damƙa tana saki. Mako na gaba ta ja layi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗora mota a kai, ta ɗauki wata 'yar baƙar tsakuwa ta tura ta cikin yashi a bakin layin ta rufe. Ba a tambaye ta mene ne ba. Makonni da dama tana maimaita haka. Wata rana ta sa hannu ta tono tsakuwar, ta riƙe ta a tafin hannu, ta kira sunan ƙaninta. Sai maganar ta fito: ita ce a bakin taga da suka taso, iska ta dame ta, ta ce masa su yi musanyar kujera. Wannan ne abin da ta ɗauka ita kaɗai kusan shekara guda, ko mijinta bai sani ba. Daga ranar ne aka samu ƙofar yin jinya ta magana, aka fara warware mata cewa neman sauya kujera saboda iska ba shi ne ya kashe kowa ba, masu bindiga ne suka yi kisa. A tirenta na ƙarshe ta ajiye tsakuwar a gindin bishiya kusa da gida, a sarari, ba a binne ba.

Ba zan ce muku ta koma yadda take a da ba. Har yanzu ba ta tafiyar dare. Amma tana barci, ta rabu da Lexotan, ta koma shagonta, kuma tana iya yi wa ƙaninta addu'a da sunansa.

Gaskiyar da ya kamata ku sani

Aikina ya koya mini kada in yabi magani fiye da hujjarsa. Manyan hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su ga wannan ciwo tun 2013 guda biyu ne: jinyar magana da ke fuskantar firgicin kai tsaye tana gyara tunanin da ya gurɓata, wadda ake kira CBT, da kuma wadda ake haɗawa da motsin ido, mai suna EMDR. Su ne aka fi gwadawa a kan mutane masu yawa. Binciken da aka yi a kan tiren yashi ga manya ƙanana ne idan aka kwatanta da na waɗancan. Don haka wurinsa shi ne taimako, musamman ga wanda ya kasa buɗe baki, ko wanda yarensa ya bambanta da na mai jinya. Duk wanda ya ce muku tire kaɗai zai warkar da kowa cikin zama biyu, ku riƙe kuɗinku.

Na biyu, kada a ce tunda yashi ne bari mu gwada a gida. Tono abin da aka binne yana iya tayar da ciwon fiye da da, mutum ya rikice a hannunku ku rasa yadda za ku yi. Wanda aka horar ya san lokacin da zai tsaya, ya san yadda zai kwantar da mutum kafin ya bar ɗakin. Yashin ba shi ne maganin ba, zaman da aka yi cikin aminci da wanda ya san aikinsa shi ne.

Na uku, masu wannan horo ba su da yawa a Najeriya. Likitocin ƙwaƙwalwa ma ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Saboda haka kada ku zauna jiran sai kun sami mai tire. Ku fara da abin da ke akwai: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, Inugu, Kalaba da Benin, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku. In kun je ku nemi ganin masanin halayyar ɗan'adam, ku tambayi wace hanya yake bi, ina ya sami horo, zama nawa ake sa ran yi, kuma nawa ne kuɗin. Mace tana da damar neman mace ta duba ta in akwai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin mai jinya.

Daga kantin magani

Bari in koma fagena. Lexotan da Valium da 'yan uwansu suna sa barci na ɗan lokaci, amma ba sa maganin firgici, jiki kuma yana sabawa da su cikin makonni kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a ba da su don rage damuwa ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Haɗa su da tiramadol ko kodin ko barasa yana iya tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya saba, likita ne zai tsara masa yadda zai rage.

Magungunan da likitoci suka fi rubutawa ga wannan ciwo su ne irin su sertraline da paroxetine. Ba sa aiki a dare ɗaya, sai an yi makonni huɗu zuwa shida ko fiye kafin a ga amfaninsu. A kwanakin farko wani yakan ji tashin zuciya ko ciwon kai, yawanci kuma yana wucewa. Kada a daina su farat ɗaya don an ji sauƙi. Kada a haɗa su da tiramadol, haɗin yana da haɗari. Mai ciki ko mai shayarwa ta gaya wa likita tun kafin ya rubuta. Haka nan duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da ake sha, a faɗe shi, ba abin kunya ba ne.

Aikin 'yan gida

Labarin zuciya a tambayi fuska. In kuna da wanda ya canza bayan wani tashin hankali, kada ku matsa masa da "me ya faru, ba mu labari", kada kuma ku rufe masa baki da "ai ya wuce, ka manta". Ku zauna da shi. Ku kula da cinsa da barcinsa. Ku raka shi asibiti kamar yadda 'yar Hajiya ta yi. Kada a ce masa raunin imani ne, don mai karaya a ƙafa ba a ce masa haka. A yi addu'a, a kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da duk abin cutarwa daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, da kuke karanta wannan kuna jin kamar da ku nake, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai kun iya ba da labarin duka ba kafin ku nemi taimako. Ya isa ku ce wa likita, "Wani abu ya same ni, tun daga lokacin ba na barci." Daga nan ake farawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.